Masu Gaisuwar Yaya Ɗanlami

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai muna zaman makokin Yaya Ɗanlami a wani gari da ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya koma cikin gajimare. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, an jera butoci, amma babu ɗan Adam ko ɗaya. Sitika ce ta waya ta cika wurin, irin mai tafin hannu biyun nan da aka rubuta wa "Allah ya jiƙan rai" da ruwan gwal. Duk kamarsu ɗaya. Sun tanƙwashe ƙafa, har da masu cin dabino.

Inna, mahaifiyarmu, idonta ya daɗe da mutuwa. Ta laluba bango ta fito zaure ta ce, "Sabitu, ban ji muryar kowa ba. Samo mini mutum ɗaya ya yi mini gaisuwa da bakinsa."

Sai ga ni a ofishin rabon fuskoki. Wani bunsuru mai tabarau yana bayan tebur yana taunar hatimi.

"Ranka ya daɗe, murya nake nema."

"Murya? Ai an daina yayinta. Bayanta muka raba fuska mai hawaye, ita ma ta tsufa, mun kai ta gidan tarihi tare da jar zuciya. Yanzu sitika ake yi. Baɗi ɗigo kawai za a riƙa turawa."

"Tsohuwa ce, ba ta gani."

"To a tura mata biyu."

A kasuwa na ci karo da Malam Hashimu, aminin Yaya, wanda suka girma suna cin tuwo a kwano ɗaya. Kansa ya zama babban yatsa, rawaya. Na riƙe rigarsa ina roƙo. Ya ɗaga mini kan nan nasa ya wuce.

Na ce to ni zan yi wa Inna gaisuwar. Na durƙusa gabanta, zuciyata kamar ta fashe don baƙin ciki. Ina buɗe baki sai sitika ta faɗo, ta nemi gefen tabarma ta zauna cikin 'yan'uwanta.

Ƙarar wayata ce ta tashe ni. Zauren dangi ne na cikin waya, an sake turo wasu sitikun gaisuwar Yaya. Daga ɗakinta Inna ta ji motsina.

"Sabitu, wa ya zo?"