Ƙirjin Wa Za A Bi?

Mahaifiyarmu, Inna Efigenia, ta ce ba za ta raba tudun da ya rage gida biyu ba. Tsakanina da ƙanena Juvenal, duk wanda bishiyoyin turaren gonarsa suka fi kauri bayan shekara uku, shi zai dasa tudun gaba ɗaya. Ni kuwa tudun nan nake so, ba na ɓoyewa.

Juvenal ya juye takin zamaninsa duka ranar dashe, ya koma inuwa. Ni kashi uku na yi wa nawa: kaɗan a ramuka biyu gefen kowane dashe, sauran kuma na zuba a damina biyu a jere. Duk sanda ya gan ni da buhu sai ya ce, "Yaya Valdomiro, bishiya kake kiwo ko mai jego?"

Ranar awo ko kofina ban shanye ba. Inna ta miƙa wa kowa igiya, ta ce bishiya ta goma a layi na goma, kada wani ya zaɓi mai ƙiba. Kowa a garinmu Itamarandiba ya san daidai ƙirji ake auna kaurin turare. Na zagaya tawa na yanke igiya, shi ma ya zagaya tasa ya yanke. Aka jera su a ƙasa.

Tasa ta fi tawa da yatsa biyu.

Juvenal ya hau rawa yana kaɗa malafa. "Mai jego ta sha kaye! Yaya, zan ɗauke ka aikin kashe tururuwa!"

Kaina ya yi zafi. Na tsaya ina kallonsa, ɗan guntun mutum, kansa ko hammatata bai kai ba. Sai abin ya faɗo mini. Turare daga gindi take da kauri, tana sama tana sirancewa.

"Tsaya, gajere!" na daka tsawa. "Ƙirjin wa aka bi? Naka ai a cibiyata yake!"

"Ƙirji ƙirji ne! Ni na ce ka yi tsawon banza?"

Inna ta matso. Ta karɓi addata, ta sari sanda, ta daidaita ta daga ƙasa zuwa nata ƙirjin, ta datse. Ta jingina sandar a bishiyar Juvenal ta auna da kanta, ta tako har wajen tawa, muna biye da ita kamar kaji. Ita ma ta auna ta daidai tsawon sandar.

Ta jera igiyoyin. Tawa ta wuce da yatsa huɗu cur!

Ihun da na yi sai da alfadarinmu ya tsinke igiya.

"Inna, sake dai!" in ji Juvenal.

"Ƙirjin nan kuka sha ku biyu," ta ce. "Bai taɓa cutar ɗayanku ba."

Ban jira sauran ba. Na ɗauki sandar na haye tudun da gudu, ina ƙirga layuka tun kafin in kai sama.