Ranar da Muka Ɗaure Ƙafar Motar Orville

"Kai, Travis! Ajiye sufanar nan kafin in jefe ka da takalmi!"

Ina kwance a ƙarƙashin motar, na gama cusa sababbin robobin ƙafa, saura ɗauri. Na leƙo. Maƙwabcina Orville yana kujerarsa a ƙofar gareji, bargo a gwiwa, tiyon iska a hanci. Tun da na bar makaranta ban taɓa daɗewa a aiki ɗaya ba. Shi kaɗai ya iya zaunar da ni, a ƙarƙashin tsohuwar motarsa ƙirar MG mai kujera biyu. Likita ya ce kwanakinsa sun ƙare, shi kuwa ya rantse sai ya sake tuƙa ta.

"Me kuma na yi, Tsoho?"

"Mota na rataye a jak za ka ɗaure? Kafin wata guda robar ta yage. Sauke ta kan tayoyinta, direba ya shiga, nauyi ya zauna, sannan a ɗaure."

Na sauke ta a kan katakai yadda zan iya shiga ƙarƙashi. "Bari in kira wani ya zauna."

"Wani? Motata ce za ta saba da nauyin wani? Ɗauke ni."

Matarsa Marlene ta fito daga kicin, hannunta duk fulawa. "Orville, an ce ka kwanta!"

"Kwanciya tana jirana, 'yammata. Doguwa ma."

Ta harare shi, sannan ta buɗe masa ƙofar motar da kanta. Na sungume shi na sa a kujerar direba. Bai fi tayar safaya nauyi ba. Motar ko motsi ba ta yi ba.

"Ka ga banza," in ji Marlene. "Ba ta ma san ka shigo ba." Ta zagaya ta faɗa ɗaya kujerar, motar ta nutsa.

"Yawwa!" in ji shi. "Ke kam ta gane ki."

"Zan ci ƙaniyarka."

Ina ɗaure notina ina jin dariyarsu ta saman kaina, tsatsa na zubo min a ido.

Sau uku ya murza makulli kafin ta tashi. Na ɗane bayan motar, rungume da tulun iskarsa. Muka bi layinmu a hankali, maƙwabta na ɗago hannu daga baranda. Da muka zo kan layin dogo ya ce, "Ku yi shiru." Muka haye. Ba ƙwanƙwasa, ba ƙara.

"Kun ji?"

"Ba mu ji komai ba," in ji Marlene.

"Shi ke nan fa!"

A dawowa hannunsa ya gaza juya sitiyari, muka yanka ta tsakiyar ciyawar gidansu, yana dariya har da tari.

Ranar Alhamis ya rasu, da safe, a gadonsa.

Bayan jana'iza na je yanke mata ciyawa. Sawun tayoyin yana nan, layi biyu a karkace har bakin gareji. Na tsayar da injin yankan a gefensa na dubi taga. Marlene tana tsaye da kofi a hannu. Ta girgiza kai. Na kewaye wurin, na ci gaba.