Ranar da Saverio Ya Binne Ɓaure

Ramin ya kai gwiwa lokacin da Kawu Donato ya ce a ƙara masa tsawo.

"Kwanta a ciki mu gani."

Saverio ya jingine shebur, ya kwanta da rigar aikinsa, ya miƙe ƙafafu. Daga can ƙasa ya hangi sama mai launin toka, da hayaƙin mahaƙar kwal, da fuskar tsohon tana leƙo shi a juye.

"Kai ya ishe ka, amma bai ishi bishiyar ba. Ta fi ka tsawo da taƙi guda, ta kuma fi ka hankali. Tashi."

Ranar Alhamis ce, ƙarshen Nuwamba na shekarar 1954. Shekara huɗu ke nan Saverio yana shiga ramin kwal a bayan garin Charleroi na ƙasar Beljiyam, bai taɓa fashin aiki ba sai yau. A layinmu na gidajen kamfani kowa yana da ɗan fili a bayan gida. 'Yan Beljiyam suna shuka dankali ya yi, mu baƙin da muka zo aikin kwal muna shuka tumatir ya ƙi nuna. Saverio kaɗai ke da ɓaure.

Matarsa Filomena ce ta zo da shi shekara uku da suka wuce, reshe ne kamar yatsa, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta yanko shi daga ɓauren ƙofar gidan ubanta a garinsu Tursi, kwana biyu a jirgin ƙasa tana ba shi ruwan shanta. Sau biyu sanyi yana cinye shi har ƙasa, sau biyu yana tohowa. Bana ya fi mutum tsawo, amma bai yi ɗa ko ɗaya ba.

Jiya da yamma aka yi rigimar. Filomena ta gano cewa Saverio ya sake sa hannu a takardar kamfani, bayan ya yi mata alkawarin komawa gida bana. An fasa faranti biyu. Ta ce ta gaji da tsayuwa a bakin taga duk lokacin da jiniyar haɗari ta mahaƙa ta yi kuka, tana jira ta ga gidan wa za a ƙwanƙwasa. Ta ce ita da ɓauren nan duk ba 'yan ƙasar nan ba ne, kuma sanyin bana zai gama da su biyun. Da safe ta ɗauki akwatinta ta fita ta ƙofar baya don kada maƙwabta su gani. Jirgin ƙasan Milano, mai zuwa ƙasarmu, yana tashi ƙarfe huɗu.

Saverio ya rantse da kabarin uwarsa ba zai taka tashar ba. Da ta tafi ya zauna ya ɗaura takalmi, ya kwance, ya sake ɗaurawa, sannan ya tafi ya kira Kawu Donato.

Shi Kawu Donato mutumin duwatsun Abruzzo ne a can ƙasarmu, ƙurar kwal ta cinye masa huhu, aka sallame shi. Yana yawo da agogo biyu, ɗaya na Beljiyam, ɗaya na gida, ko da yake lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne. Ya ce na gida ya fi gaskiya. Shi ne ya daɗe yana faɗa wa Saverio cewa a garinsu ba a barin ɓaure ya kwana a tsaye cikin ƙanƙara. Kwantar da shi ake yi a rami a rufe, a tashe shi ranar Waliyyi Yusufu, a watan Maris.

Suka ɗaure rassan da igiya. Saverio ya sare saiwoyin gefe ɗaya kawai, ya bar na ɗaya gefen, ya rungumi bishiyar yana tanƙwara ta a hankali. Ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

"Sannu-sannu, ɗan jaki! Ba akuya kake kayarwa ba. Yanzu kawo abin rufa. Ulu take so."

Buhunan da ke rumfa duk sun jiƙe. Saverio ya shiga ɗaki ya duba. A kan gado ga bargon auren Filomena, ja da baƙi, wanda uwarta ta saƙa da gashin tumakinsu cikin sanyi uku. Bai shiga akwati ba, don haka ta ninke shi ta ce a ba ɗan baffanta ya taho da shi a Kirsimeti. Saverio ya tsaya ya dube shi, ya saɓa a kafaɗa ya fito.

Kawu Donato ya zare ido. "Wannan? Za ta kashe ka."

"Sai ta dawo tukuna."

Suka naɗe bishiyar daga sama har ƙasa, suka ɗora katako, suka tura ƙasa. Tsohon ya kafa guntun bututu a wajen kai, ya ce don ta samu numfashi, domin bishiya tana mafarki a ƙarƙashin ƙasa, in ba iska sai mafarkin ya ɓaci. Da suka gama, tudun ya fito dogo, siriri, da ɗan tsini a tsakiya. Saverio ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya tsaya a kai yana magana ƙasa-ƙasa.

Duk wannan a kan idon Madam Hennuy, maƙwabciyarsu, wadda mijinta ya mutu a rami kafin yaƙi. Ta ji rigimar jiya ta bango. Ba ta ga Filomena ta fito shanya ba. Yanzu kuma ta ga an binne abu mai tsawon mutum cikin jan bargo. Ta sa mayafi ta fita da silifas, ta nufi ofishin 'yan sanda.

Ƙarfe biyu da rabi motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gida. Saje Lambot ya fito, mutum mai faɗin ƙirji da 'yan ƙananan ƙafafu kamar na yarinya. Ya zagaya tudun sau biyu, ya durƙusa ya leƙa bututun.

"Me ke ciki?"

"Ɓaure, ranka ya daɗe." Faransancin Saverio na cikin rami ne, ya fi dacewa da zagin dokin jan kwal, amma ana ganewa.

"Ɓaure. Ya mutu ne?"

"Da ransa."

"Ka binne bishiya da ranta."

"Don kada ta mutu."

Sajen ya dubi abokin aikinsa. "Shekara ashirin ina aiki da ku baƙi 'yan cin makaroni, na ɗauka na gama jin kome. To, ɗauki shebur. Tone."

"Ba zan tone ba."

"Me ka ce?"

"Rabin saiwarta na sare. Na tanƙwara ta sau ɗaya ta yarda. In na tashe ta yau na sake kwantarwa, karyewa za ta yi. Ka ɗaure ni in kana so, amma ba mai sa shebur a nan."

Ya tsaya a kan tudun, ƙafafu a buɗe. Mutanen layi sun cika katanga. Wani ɗan Sisiliya ya ɗaga murya da yarenmu: "Saverio, in dai wannan dabarar tana aiki, ga surukata nan!" Aka kwashe da dariya, Sajen ya ƙara ɗaure fuska don bai ji abin da aka ce ba.

"Ina matarka?"

"Tana tasha. Jirgin ƙarfe huɗu."

"Madalla. Mu je ka nuna min ita."

"Na rantse ba zan je ba."

"Wa ya tambaye ka? Ba zuwa za ka yi ba, kai ka za a yi."

Aka sa masa ankwa. Kawu Donato ya raɓo kusa da shi, ya duba agogon gida, ya ce cikin raɗa: "Rantsuwarka ba ta karye ba, ɗana. Ƙafar hukuma ce, ba taka ba. Shiga mota ka daina ɓata fuska."

Madam Hennuy ma ta shiga, don ita za ta shaida fuskar. Duk hanya ba ta dubi Saverio ba.

Tashar ta cika da mutanenmu masu komawa gida, yawancinsu maza masu tari, da akwatunan kwali ɗaure da igiya. Filomena tana can ƙarshen dakali, zaune a kan akwatinta, da baƙar rigar zuwa coci. Ta ga mijinta da ankwa tsakanin 'yan sanda biyu, ta miƙe zumbur.

"Wa ka daka?"

"Ba kowa."

"To me ka yi?"

"Wai na kashe ki."

Kafin ta buɗe baki Madam Hennuy ta faɗa mata a jiki tana kuka. Shekara uku bango ɗaya ya raba su, ba su taɓa wuce ina kwana ba. Tsohuwar tana shafa mata fuska da hannu biyu kamar mai duba ƙwai ko ya fashe.

"'Yata, 'yata! Tun safe ban sa kome a bakina ba. Kullum ƙarfe tara kike fitowa shanya, kina waƙar nan taki, ni kuma in buɗe taga kaɗan. Yau shiru. Sai na ga bargonki ana sa shi a rami."

Filomena ta riƙe ta. Ba ta taɓa sanin ana buɗe mata taga ba. Sannan maganar ta ƙarshe ta iso kunnenta. Ta zare jikinta a hankali, ta juyo.

"Wane bargo?"

Saverio ya dubi rufin tashar.

"Saverio Lomuscio, da kai nake. Wane bargo?"

"Buhunan sun jiƙe."

"Bargon uwata? A cikin ƙasa? Wanda ko ƙafarka mai kwal ba na bari ta taɓa?"

"Ɓauren na rufa. Kin ce sanyin bana zai kashe shi. Ba zai kashe shi ba."

"Ɓaure! Matarka tana tasha da akwati, kai kana can kana lulluɓe itace!"

"Ke ba ki tsaya an lulluɓe ki ba."

Wani mai tari da ke kusa ya yi dariya har ya sarƙe. Sajen ya karɓi takardun Filomena, ya dubi hoton, ya dube ta, ya tambaye ta ko ta tabbata tana da rai. Ta ba shi amsa da yarenmu, amsar da gara da bai gane ba. Ya cire wa Saverio ankwa, ya fito da ɗan littafinsa, ya tsaya da fensir a sama.

"A ƙasarku da gaske ana yin wannan?"

"A garin Kawu Donato."

"Kuma ya tashi?"

"Ya tashi ya yi 'ya'ya."

"In ya yi, a kawo min ɗaya ofis. Ban taɓa ganin ɗanye ba." Ya rufe littafin, suka tafi.

Jirgin ya shigo yana huci. Mutane suka fara turereniya, ana miƙa akwatuna ta taga. Saverio ya tsaya yana murza wuyan hannunsa. Ya san in zai yi magana yanzu ne, kuma ya san bai iya irin maganar da ake so ba.

"Takardar da na sa wa hannu ta shekara ɗaya ce," in ji shi. "Ba biyar ba. Na nemi su fito da ni daga rami, su mai da ni ɗakin fitilu. Sun ce sai bayan sanyi."

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"Kina jifa da faranti."

"Biyu ne kawai."

Ma'aikacin tasha mai jar hula ya bi dakali yana rufe ƙofofi. Filomena ta dubi jirgin, ta dubi Madam Hennuy da ke tsaye da silifas a cikin wannan sanyi tana share hanci, ta dubi mijinta da ƙasa har cikin kunne.

"Yau za ka tono min bargona."

"Ba ya tonuwa sai Maris. Ranar Waliyyi Yusufu."

"Ba zan koma Tursi in ce wa uwata na baro bargonta a cikin ƙasar Beljiyam ba."

"Gaskiya ne. Ba zai yi daɗin ji ba."

"Maris, Saverio. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba. Ɗauki akwatin, me kake kallo?"

Ya ɗauka. Ta sa hannunta cikin na Madam Hennuy suka yi gaba, tana faɗa mata da guntun Faransancinta cewa akwai miyar wake a gida, sai dai in wannan mahaukacin ya binne tukunyar ita ma. Jirgin ya tashi a bayansu, babu wanda ya waiwaya.

Saverio yana biye da akwati a kafaɗa. Ya sani sarai cewa in aka ɗaga katakon ta gefe, za a iya zare bargon a musanya da busasshiyar ciyawa cikin sa'a guda, ba tare da an motsa bishiyar ba. Filomena 'yar manomi ce, ta fi shi sanin haka. Har suka isa gida babu wanda ya ɗago maganar.