Shanya a Namtari

Kwana huɗu Hilda ta yi a hanya kafin ta iso Jimeta, a shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi. 'Yar Michika ce, tana aji uku a jami'a a can Mubi. Mahaifiyarta da ƙanwarta Virtue sun zo sun raɓe a ɗakinta tun lokacin da aka tarwatsa garinsu. Ranar da harbi ya tashi, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Uwar ta faɗa Kamaru, daga can ta ari wayar wani ta kira, kuma abin da ta fara cewa shi ne, "Ba ni Virtue in ji muryarta." Ita kuwa Hilda duk tsawon hanya tana tsammanin yarinyar tana hannun uwarsu.

A unguwar Gwadabawa ta sauka, gidan Malam Bawa tela, mahaifin Naziha, ƙawarta tun makarantar kwana. Aka ba ta katifa a ɗakin Naziha, aka ba ta zannuwa biyu, ba wanda ya matsa mata da tambaya. Ta zagaya sansanonin 'yan gudun hijira uku ba ta samu labari ba, daga nan sai jikinta ya mutu. Tana ci, tana gaisuwa, amma komai yana zo mata kamar daga ƙarƙashin ruwa. Abu ɗaya ne ke riƙe ta: wanki. Da safe za ta tattara kayan gidan kaf, har da waɗanda ba su yi datti ba, ta zauna bakin famfo tana cuɗa su, tana kallon kumfa yana fashewa a yatsunta.

Wata Jumma'a da yamma Naziha ta dawo daga jami'arsu ta tsallaken gada, ta jefar da jaka ta ce, "Gobe akwai shanya a Namtari. Da ke za mu."

Hilda ta ce to. Washegari Naziha ta fito da kwalliyarta, ta tarar da ita tsaye a tsakar gida da bokiti cike da jiƙaƙƙun kaya, da igiya a naɗe a hannu.

"Ina za ki da wannan?"

"Ba kin ce shanya ba? Na ɗauka igiyar can ya fi tsawo."

Naziha ta yi dariya har ta dafa bango. Inna Aminat, mahaifiyarta, ta leƙo daga kicin ta ce a bar mata baƙuwarta ta sarara, ita ma ba ta san wannan sabuwar Hausa tasu ta 'yan jami'a ba.

A cikin bas Naziha ta yi mata bayani. Tun da gari ya rikice, aka cika hanya da shingen sojoji, ɗalibai suka daina duk wani taro bayan magariba. Sai suka mai da shagalinsu tsakar rana: a haɗu da hantsi, a watse kafin la'asar ta yi sanyi. Wani ne ya dube su wata rana sun bazu a rana kamar kayan wanki, ya ce ai wannan shanya ce, sunan kuma ya zauna.

"Kuma in saurayi ya ce zai zo bai zo ba, shi ma ya shanya ki," in ji Naziha.

"Hausan nan naku," Hilda ta ce a hankali, "kalma ɗaya sai ya yi aikin mutum uku."

Gonar ta kakan Hamajoɗa ce, abokin karatun Naziha, wani dogo mai yawan kunya. Kakarsa ta tare su a bakin shinge tana yi musu maraba da Fulatanci, jaɓɓama, jaɓɓama, ta miƙa musu ƙwarya cike da gwaiba. An girbe masara, sai karan da ke tsaye yana ƙara in iska ta bi ta cikinsa. Ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro an shimfiɗa tabarmi, an jona sifika da batirin mota. Akwai zoɓo mai ƙanƙara, da dafaffiyar gyaɗa, da rake da aka yayyanka. Ɗalibai sun kai talatin, wasu da hijabi, wasu da wando da hular rana.

Hilda ta zauna can gefe ta jingina da bishiya. Hasken rana yana tsiyayowa ta tsakanin ganye yana yawo a kan zaninta. Daga nesa shanu suna tafe a jere kamar ba sa taka ƙasa. Ta daɗe rabonta da jin ƙara mai ƙarfi wadda ba ta sa ta neman wurin ɓuya ba. Ta lumshe ido, kiɗan ya yi nisa, ya dawo, ya sake yin nisa.

Bayan azahar, da masu salla suka dawo, aka kashe kiɗa aka zauna da'ira don wani wasa da suke kira juya kalma. Mutum zai jefa wa na kusa da shi kalma tare da ma'anarta ɗaya, shi kuma ya kawo wata ma'anar da ba ta da dangantaka da ta farko. Wanda ya kasa, ya tashi ya yi rawa ba kiɗa.

"Wuya, inda ake rataya sarƙa."

"Wuya, jarrabawar Malam Mika'ilu!"

Aka fashe da dariya. Aka jefa gari, aka amsa da garin tuwo. Aka jefa rina mai harbi, aka amsa da rina zani a marina. Da aka zo kan fari sai gardama ta kaure, don wani ya ce launi, wata ta ce rashin ruwan sama, wata kuma sai ta juya idanunta ta yi wa Hamajoɗa fari, shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa.

Naziha ta jawo Hilda cikin da'irar. Wanda ke gefenta, wani saurayi mai tabarau da ake kira Jibrilla, ya juyo ya ce, "Kuka, abin da jariri yake yi."

Naziha ta harare shi, amma magana ta riga ta fita. Hilda ta ji kowa yana jiranta.  Sai ga ta a bayan gidansu a Michika, rana tsaka irin wannan, duwatsu sun yi shuɗi-shuɗi a nesa, ƙatuwar bishiya ta baza rassa.

"Kuka, bishiya," ta ce. Ba ta tsaya nan ba, bakinta ya ci gaba da kansa, da Hausarta da ba ta raba namiji da mace. "Akwai ɗaya a bayan gidanmu. Ƙanwana ne yake hawa ya tsinko wa mamanmu ganye. Ni ina tsoro. Virtue ba ya tsoron komai, har ya taɓa faɗowa ya fasa gira."

Ba wanda ya yi dariya. Jibrilla ya cire tabaransa.

"Wane suna kika ce?"

Ta maimaita.

Ya ce shi yana cikin ɗaliban da ke taimakawa wajen rubuta sunayen mutane a wani sansani da aka buɗe a wata makaranta a hanyar Girei. Shekaranjiya motoci suka kawo wasu daga bakin iyaka. A cikinsu akwai wata budurwa da muryarta ta dishe, ya tambaye ta sunanta har sau uku, abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta: Bacu. Har ya yi ta mamakin wane irin suna ne wannan.

"Tana da tabo a gira," ya ce. "Ta hagu, in ban manta ba."

Hilda ba ta tuna yadda ta miƙe ba. Ta dai ga Hamajoɗa yana gudu wajen akori-kurar kakansa, ta ga tsohuwar tana cusa mata gwaiba a hannu tana addu'a da Fulatanci. Su huɗu suka tafi. A kowane shinge Jibrilla yana nuna katinsa yana roƙo. Da suka hau gada, kogin Binuwai ya shimfiɗu a ƙasa yana walƙiya, masu kwale-kwale ƙanana kamar ƙudaje a kan faranti. Ta kama hannun Naziha ta ce, "In ba shi ba ne fa?" Naziha ta ƙara riƙe ta.

Sun sami Virtue a bayan wani aji, zaune a kan bulo, tana yi wa wata tsohuwa kitso. Ta rame, ƙafafunta duk sun faffashe, rigar jikinta ta wani namiji ce. Ta ɗago ta dubi Hilda, ta daɗe tana dubanta, yatsunta na riƙe da gashin tsohuwar. Sannan ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, cikin yarensu, "Tsaya in ƙarasa wannan layin." Ta kuwa ƙarasa shi tsaf, ta ɗaure bakinsa, kafin ta taso ta faɗa jikin yayarta, su duka biyu suka zube a ƙasa.

Yau shekara goma ke nan da 'yan kai. Uwarsu ta koma Michika ta sake rufin gidanta. Hilda tana koyar da Turanci a wata sakandare a Jimeta, Virtue kuma ma'aikaciyar jinya ce, suna haya tare a Gwadabawa, layi biyu daga gidan su Naziha. Game da kwanaki goma sha bakwai ɗin da Virtue ta yi ita kaɗai, abu ɗaya kawai ta taɓa faɗa: wai wata mata a wani ƙauyen Kamaru ta ba ta gasasshiyar masara, ta wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi, ta koya mata ƙirga ɗaya zuwa goma da Faransanci. Sauran ba ta faɗa ba, Hilda kuma ba ta taɓa tambaya ba.