Ajiyar Kofur Audu

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi a shekarun nan ya san shagon Haruna mai gyara, ko da bai taɓa kai masa ko tocila ba. Wani ɗan tsukukun shago ne a bayan masu faci, rediyoyi jibge har rufi, ga warin dalma da kananzir. Rediyo da talabijin su ne abincinsa, amma zuciyarsa tana kan kantar da ke can ciki, inda ya jera tsofaffin na'urorin gem na Japan, irin wasan da ake bugawa a talabijin, guda goma sha ɗaya, kowace da ƙyallen da yake rufe ta da shi. A wajen 'yan gwanjo yake tsinto su, yawanci a ƙone, don mutanenmu ba sa tambaya: ƙarfin wutar lantarkin Japan ɗari ne, na tamu ya haura ɗari biyu, amma mutum zai sayo abu ya cusa a bango kai tsaye, hayaƙi ya tashi, sannan ya ce an cuce shi. Haruna ya saye gawar da arha, ya zauna ya tashe ta. Ba ya sayarwa kuma. Ka taya, ya ce maka ai ba ta gama warkewa ba.

A aljihun teburinsa kuwa, cikin wani gwangwanin alewa, akwai kaset ɗin gem guda ɗaya da ko matarsa Rabi ba ta isa ta taɓa ba. Wannan kaset ajiyar Audu ce.

Audu yayan Rabi ne, kuma abokin Haruna tun suna yawo ba wando a Tarauni. Direban soja ne, mai igiya biyu. Kafin a tura shi Laberiya, shekara guda cur suka yi suna buga wannan kaset duk Asabar bayan la'asar. Wasan wani ɗan mutum ne mai takobi da ke yawo gari-gari, ya shiga kogo, ya hau jirgin ruwa, ya yi faɗa da dodanni. Duk maganar cikinsa da rubutun Japan take, su kuwa ko harafi ɗaya ba su sani ba. Da lalube suka bi shi. Audu na riƙe da hannun gem mai maɓallan dannawa, Haruna na gefe da littafin makaranta mai layi yana zana hanya, yana rubuta irin su "tsoho mai gemu, a ba shi kifi" da "rubutu na biyu, mai kama da ƙugiya, shi ne e". Wani lokaci su yi Asabar uku suna zagaye gari ɗaya kamar tumakin da suka ɓata, su yi ta zagin juna, Rabi ta aiko musu da kunun zaƙi. Kai, an sha daɗi a lokacin nan.

Asabar ta ƙarshe suka iso wata ƙatuwar ƙofa a saman hasumiya, wadda ko makaho ya san ita ce ƙarshen wasan. Audu ya ajiye wasan a nan, ya zare kaset ɗin ya miƙa wa Haruna.

"Mutumina, kada ka buɗe ƙofar nan sai na dawo. Wata shida ne."

Wata shida ya zama shekara biyar. Daga Laberiya aka wuce da su Saliyo, wasiƙa ma sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba. Haruna bai buɗe ƙofar ba. Jefi-jefi dai yakan sa kaset ɗin, ya ga ɗan mutumin yana tsaye inda aka bar shi, ya kashe, ya mayar gwangwani. In ya gan shi a tsaye sai hankalinsa ya kwanta, kamar ya samu labarin Audu yana nan da rai.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, bayan damina ta ɗauke, Rabi ta dawo daga gidansu na Tarauni da guɗa a bakinta.

"Malam, Yaya Audu yana Legas! An sallamo su. Inna ta ce ran Asabar ta sama zai iso."

Haruna ya yi hamdala, ya ƙirga, kwana goma kenan. Washegari da sassafe ya buɗe shago, ya ciro kaset ɗin, ya ce bari ya duba lafiyarsa. Irin wannan kaset yana da ɗan batir a ciki, faɗinsa kamar kwabo, shi ne yake riƙe da ajiyar wasa. Ranar da batirin ya mutu, ko aka yanke masa wuta daidai da ƙiftawar ido, komai ya tafi. Ya kwance bayan kaset ɗin ya ɗora mitar gwada wuta, sai ya ga allurar ta tashi da kyar, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Batirin zai iya kai wata uku, zai kuma iya mutuwa jibi.

Da wani ne, da ya rufe ya bar wa Allah kwana goman. Amma mai gyara bai iya ganin abu yana ciwo ya ƙyale ba, wannan ita ce cutarsu. Ya hau acaɓa ya je wajen masu agogo ya zaɓo sabon batir, ya gwada shi sau uku a gaban mai shi har mutumin ya fara tsaki. Ya dawo ya rufe ƙofar shago rabi, ya kunna risho ya ɗora ƙarfen dalma, don bai yarda da wutar gari a kan aiki irin wannan ba.

Dabarar ita ce kada fanel ɗin da ke cikin kaset ɗin ya rabu da wuta ko kaɗan. Ya haɗa batiran tocila guda biyu, ya ja musu siraran wayoyi ya liƙa a ƙafafun tsohon batirin, su riƙe aikin kafin a yi canji. Ya cire tsohon a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya zaunar da sabon, ya ɗiga dalma nan, ya ɗiga can, ta kwanta sumul tana ƙyalli. Ya cire wayoyin aro. Aiki ya yi kyau, irin wanda da akwai mai kallo da ya tafa masa.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin. Duk mai gyaran rediyo, in ya gama haɗa wuta, yakan ɗan goga bakin sukundireba a tsakanin ƙafafu biyu ya ga ko akwai rai. Bai yi shawara da kowa ba, hannun ne kawai ya tafi. Ƙarfe ya taɓa ƙafa biyun, ɗan ƙyas, shi kenan.

Ya daɗe yana kallon sukundireban nan kamar ba nasa ba. Sannan ya rufe kaset ɗin ya sa a na'ura ya kunna. Kiɗan farko ya tashi lafiya lau. Gurbin da sunan Audu yake zama, wasu haruffa huɗu da ya zaɓa don sun yi masa kyau a ido, ya zama fili fetal.

Haruna ya yi kuka a ranar, kukan gaske, shi kaɗai a shago, yana mutum mai 'ya'ya huɗu. Shekara biyar yana tsare abu daga zafi da ɓera da 'ya'yansa, ashe daga hannunsa ya kamata ya tsare shi.

Da ya koma gida cin abincin rana Rabi ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Malam, wa ya rasu?" Ya gaya mata. Ta so ta yi dariya, ta ga fuskarsa ta fasa.

"To ka gaya masa gaskiya mana. Mutumin da ya tsallake harsashi, wasan yara ne zai dame shi?"

"Ba wasan ba ne, Rabi. Abu ɗaya tak ya ce in riƙe masa."

Da la'asar ya tono littafin nan mai layi daga ƙarƙashin tarkace. Bangon ya cinye, amma zanen hanyoyin yana nan. Ya lissafa: abin da suka yi shekara suna lalube, mai littafi a hannu zai iya yi a kwana tara, in ya bar komai. Ya bar komai ɗin kuwa. Ya ɗauko ƙaramar talabijin mara kala da ya taɓa juya ta ta koma cin batirin mota, ya yi wa na'urar ita ma hanya daga batirin, don kada a ɗauke wuta a tsakiyar kogo. Ya zana haruffa huɗun nan daga ƙwaƙwalwarsa ya sa wa ɗan mutumin suna. Ya rubuta "Ba na nan" a kwali ya rataya a ƙofa, alhali duk layin ana jin kiɗan gem na fita ta taga.

Masu rediyo suka yi ta zuwa suna komawa. Wani dattijo da ya matsu ya ji labaran sababbin 'yan majalisa ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Haruna, ka ce ba ka nan, ga ka kuma kana kashe ƙadangaru a talabijin?" Haruna ya ce ya yi haƙuri, aikin gaggawa ne. Daga safe zuwa magariba yake yi, sallah kaɗai ke tashe shi. Babban yatsansa ya yi bororo, ya fashe, ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba. Abin da bai zata ba shi ne yadda kowane lungu na wasan ya riƙa dawo masa da muryar Audu. Nan ne Audu ya faɗa rami sau bakwai ya ce hannun gem ɗin ne ya lalace. Nan ne suka yi musu har suka yi sati ba sa magana. Sai ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai, idonsa na kawo ruwa.

Ranar Juma'a, ana kiran la'asar, ɗan mutumin ya tsaya a gaban ƙatuwar ƙofar. Haruna ya ajiye wasan, ya zare kaset ɗin da hannu biyu.

Audu ya iso ran Asabar. Gidan Tarauni ya cika maƙil, Inna tana kuka tana shafa kansa, maƙwabta na shigowa barka da arziki. Ya rame, ya yi duhu, furfura ta fito masa a gefen kunne, kuma ya koyi wani zama na fuskantar ƙofa wanda da ba ya yi. Sai da aka kwana biyu jama'a suka ragu, sannan Haruna ya ɗauko na'ura da talabijin a bayan acaɓa ya kafa su a zauren gidan.

"Kofur, ga ajiyarka."

Audu ya dubi kaset ɗin, ya juya shi gaba da baya. "Wace ajiya?"

Maganar ta soki Haruna har ƙashi. Kwana tara, da yatsa a kumbure, ashe mai kayan ma ya manta da su. Sai kawai ya sa kaset ɗin ya kunna.

Da kiɗan ya tashi, Audu ya daina motsi. Ya saurara har kiɗan ya kai ƙarshe ya sake farawa. A hankali ya ce, "Hasumiya. Mun bar shi a bakin ƙofa." Ya karɓi hannun gem ɗin, ya ga ɗan mutumin a tsaye, ya girgiza kai yana murmushi. Kafin ya matsa gaba sai ya buɗe jakar kayan ɗan mutumin, yadda duk mai shirin faɗa yake yi. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya fashe da dariya, dariyar da tun da ya dawo ba a ji irinta ba, har Rabi ta leƙo daga cikin gida.

"Haruna, wannan ba ni ba ne."

"Kamar yaya ba kai ba ne? Ga sunanka nan."

"Sunana ne, amma dubi nan. Kwalbar magani casa'in da tara! Tsofaffin takubba guda shida, ba a sayar da ko ɗaya ba. Yaushe na taɓa kwana da magani biyu a jaka? Ni da nake shiga faɗa da wando kaɗai? Wannan mutumin maƙo gare shi. Wannan kai ne."

Haruna ya sunkuyar da kai. Ya faɗi komai, tun daga mita har sukundireba, bai rage ba. Yana magana yana jiran Audu ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ake faɗa wa wanda ya fasa maka kofi.

Audu bai ce ba komai ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya kamo hannun Haruna ya juya shi, ya dubi yatsan da ke naɗe da tsumma.

"Tun daga garin farko ka faro?"

"Tun daga garin farko."

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Shagon fa?"

Rabi ta amsa daga bakin ƙofa, "A rufe, Yaya. Unguwa gaba ɗaya ba mai jin labarai."

Audu ya saki hannun, ya juya yana kallon talabijin. Sannan ya yi magana.

"A can, in mutum bai dawo daga sintiri ba, kafin rana ta faɗi an raba takalminsa da bargonsa. Ba mugunta ba ce, haka zaman yake. Ni ma na sa na wani. Tun ina tuna gida har na hana kaina, don na ɗauka nan ma an daɗe da raba nawa." Ya share fuska da hannun riga. "Ashe kana nan kana gadin ƙofa."

Ya gyara zama, ya riƙe hannun gem ɗin sosai, ya matsa da ɗan mutumin har ya taɓa ƙofar. Sai ya tsaya, yatsansa na yawo a kan maɓallan, ya rasa inda zai sauka.

"Mutumina, wanne ne na buɗewa? Wallahi na manta."

Haruna ya matso kusa da shi a kan tabarma, ya kama babban yatsan Audu ya ɗora shi a kan maɓallin, suka danna tare.