Man Kaɗanya a Kan Fiffike

Isiyaku ya tsufa da bindigar feshi a hannu. Yana fentin motoci a Madalla wani kamfani mai ƙera ƙananan jiragen sama marasa matuƙi ya ɗauke shi aiki a Diko, ya zama shi ke fesa wa fukafukai fenti. Can sai tari ya sa shi gaba, likita ya ce ƙirjinsa ya gaji da shaƙar fenti.

Ana cikin haka aka kawo wata Godiya, 'yar yankin Iku, aka ce ya koya mata aiki. Ba sai an faɗa masa ba, ya san magajiya aka yi masa.

"Baba, ina kwana?"

"Ni ban haife ki ba. Ɗauki tsumma ki goge can."

Goge-goge kawai yake sa ta, amma idonta na kan hannunsa. Ranar da Bamalli, shugaban sashe, ya ba ta fiffike guda ya ce ta fesa ita kaɗai, zuciyar Isiyaku ta tafasa. Ya bari ta tafi sa rigar aiki, ya lakato man kaɗanyar da yake shafa wa faso, ya murza a jikin fiffiken.

Fenti ya ƙi kamawa. Duk ya yi ƙuraje, ya ɗaɗɗago.

"Wannan wane irin haukan aiki ne?" Bamalli ya daka mata tsawa a gaban kowa. "Ki kankare shi tas, in kin sake ki koma gidanku!"

Ta wuni tana kankara, Isiyaku na gefe yana kallo, ko kaɗan bai ji tausayinta ba.

Da aka tashi ta tare shi a bakin titi, wurin jiran motar Suleja. Yatsunta duk sun saɓule.

"Malam Isiyaku, na ji warin man da kake shafawa."

"To? Je ki kai ƙara mana."

"Ƙarar me? Tarinka ma ya isa ya fitar da kai, ba sai na sa baki ba."

Ya ɗaga hannu zai mare ta, tarin ya turnuƙe shi har ya dafa gwiwa. Ta tsallake shi ta shiga mota.

Kafin damina aka mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, ɗakin feshi ya koma hannunta. Har yau ba sa ga maciji. In ya tarar da ita a mota, gara ya tsaya a rana ya jira wata.