Saniyar da Migdalia Ta Ƙi

Shanu takwas ake bin gidanmu, kuma mai bin bashin ta ce ba ta so. Sunanta Migdalia, tana can Kyuba. Jikana Obusitswe ne ya je karatun likita can, ya dawo da takarda da kuma 'yarta Odalys. An ɗaura aure a ofis, an ci an sha. Amma bogadi, shanun da gidan miji ke kai wa gidan mata, ba a kai ba. A nan Shoshong ta Botswana in ba a kai su ba, ɗan da aka haifa na dangin uwarsa ne, ko da ya ɗebo kamannin ubansa har kunne. Ga Odalys kuma da ciki.

Na sa Obusitswe ya kira matar a waya. Na yi bayani mai tsawo, shi ya faɗi kalma uku. Ita ta zuba magana har da ɗaga murya. Ya juyo ya kira ni yadda muke kiran kaka a nan, ya ce:

"Nkoko, ta ce tana gaishe ki."

"Duk wannan gaisuwa ce? Kai, likitan banza, ni za ka yi wa allurar barci?"

Da ƙyar ya faɗa. Wai ta ce 'yarta ba akuya ba ce da za a saya. Tun ranar na san in dai yaron nan ne a tsakaninmu, zan mutu da bashi a kaina. Yana tsorona, yana tsoronta, duk maganar da ta bi ta bakinsa sai ta fito ba gishiri.

Sai na je wurin Odalys. Ta dawo daga asibiti, ta tsoma kumburarrun ƙafafunta a ruwan ɗumi. Na ce ta koya mini Sifaniyanci, amma ba na son su ina kwana ina gajiya. Kalmomin ciniki nake so: so, iyawa, roƙo, rashi, dawowa, fahimta.

Ta yi dariya har ruwan ya fantsala. "Nkoko, duk masu taurin kan kika zaɓo. Iyawa shi ne poder. To ce kin iya."

"Podo."

"A'a. Puedo."

"Wa ya fasa masa ciki?"

"Haka yake. In ni ce, ko ke, ko shi, sai cikin ya canza. In mu ne gaba ɗaya, podemos, ya koma yadda yake."

"Yarenku ma ciki yake ɗauka kamar ke?"

Ta zana mini abin a takarda, layi-layi. Na ce ta adana takardarta ta hura wuta, ni ban taɓa zama a aji ba. Muka yi ta fama. Yau na riƙe, gobe podo ya dawo. Odalys ta ce ko akun maƙwabcinsu a Kyuba ya fi ni saurin ɗauka. Na ce akun ba shi da shanu.

A garke abin ya warware. Ina tatsa da safe, sai na dubi wata baƙar saniya da maraƙinta. Kansa nata, wutsiyarsa tata, amma cikinsa fari. Na ajiye ƙwarya na ce, ashe ku ne. Uwar na sa mata Poder, ɗan Puedo. Jar nan mai kwaɗayi Querer, wato so, 'yarta Quiero. Mai yawan ɓacewa a daji Perder, wato rashi, ɗanta Pierdo. Mai riga kowa komowa garke Volver, wato dawowa, ɗanta Vuelvo. Haka na bi garken duka. Ni da na san kakar kowace saniya a garin nan, sunan maraƙi ba zai gagare ni ba. Da safe in kira, da yamma in kira, shanun ma suka koya tare da ni.

Maƙwabciyata Mma Seitiso ta leƙo ta kan shinge. "Mma Gaolathe, lafiya? Tsufan ne ya zo ta baki?"

"Makaranta nake. Ke ki je ki nemo awakinki, suna gonar fasto."

Odalys ta haihu, mace. Migdalia ta zo zaman jego. Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa. Da na miƙa mata shayi, hannunta na duba, ba fuskarta ba. Yatsu kauri, tsintsiyar hannu kamar ta namiji. Da ma Odalys ta gaya mini uwarta ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tatsar shanun gwamnati a Camagüey, amma ko maraƙi ɗaya ba ta taɓa mallaka ba.

Kawunnan Obusitswe suka zauna da ita, da hulunansu a gwiwa, shi yana fassara. Ba su kai rabi ba ta tashi ta shige ɗaki. Babban kawun ya ce, "Mma, a haƙura. Wannan ba ta san al'ada ba." Na ce su je su ci seswaa, namansu na hucewa.

Da yamma na ware shanu takwas ɗin gefe guda. Sai na cire ɗaya mai kyau, na sa Dormir a madadinta. Dormir barci ke nan, kuma sunan ya bi ta. Tsohuwa ce tukuf, haƙoranta sun cinye, nononta ɗaya ya mutu, ko mahauci sai ya yi tunani.

Gari na wayewa na ƙwanƙwasa ƙofa, na miƙa wa Migdalia bokiti. Ta dube shi, ta dube ni, ta biyo ni. Na tsaya a bakin garke na buɗe murya.

"Querer! Quiero! Volver! Vuelvo!"

Shanu suka taho ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗanta. Matar nan ta saki bokiti. Ta yi dariya har ta dafa shinge, hawaye na zuba. Kafin in ce komai ta tsuguna ƙarƙashin Poder, wadda ke harbin duk baƙon hannu, ta dafa mata cinya da goshi. Sai ƙarar nono a bokiti. Poder ko motsi.

Da ta gama na nuna shanu takwas, na nuna ɗakin da jaririya take, na dafa ƙirjina. "Pido," na ce. Roƙo nake.

Fuskarta ta canza. Ta zubo magana kamar ruwan sama a kan kwano.

"No entiendo," na ce. Ban gane ba. Na yi mata alama da hannu ta bi a hankali.

Ta sake, kalma-kalma. A ciki na cafke guda, don sunan ɗan maraƙina ne mai tabo a goshi. Pierdo. Ashe ba raini ba ne. Gani take in ta karɓa, ta rasa 'yarta ke nan har abada.

"No pierdes," na ce. Ba ki rasa ba. Na nuna ɗakin Odalys, na nuna hanyar da jirgi ke bi. "Vuelve." Za ta riƙa komawa. Na nuna ta, na nuna ƙasar da muke tsaye. "Vuelves." Ke ma ki dawo.

Ta nuna shanun, ta buɗe hannu kamar fukafukan jirgi, ta ce ba ta iyawa. Na ce, "Puedes." Kina iyawa. Na nuna turakunsu, na kwantar da kaina a tafin hannu. A nan za su kwana. Mafisa ke nan a wurinmu: shanu naka, kiwo na wani, nono na yaran gida.

Ta girgiza kai. Amma idonta ba ya kaina, yana kan Dormir. Ta kau da kai, ta sake dubawa. Na ga tana cije leɓe. Can ta kasa daurewa. Ta taka ta kama muƙamuƙin tsohuwar, ta buɗe bakin, ta leƙa. Ta sunkuya ta taɓa hantsar. Ta miƙe a fusace.

"Esta no la quiero!" Wai wannan kam ba ta son ta.

Na yi fuskar wawa. "No entiendo."

Ta ja ni da hannu ta nuna mini dasashin, tana faɗa kamar za ta cinye ni. Sai ta ratsa garken har ƙarshe, ta wuce wadda na cire jiya ko kallo babu, ta ɗora hannu a kan karsanar da na ɓoye bayan randar ruwa. Karsanar da ba ta da ta biyu a Shoshong, wadda na hana mutum uku.

"Quiero esta." Wannan take so.

Ban yi zaton idonta ya kai can ba. Amma na cika ƙirji na rangaɗa guɗa, har kaji suka watse. Mma Seitiso ta fito da zani a hannu. Kawunnan suka fito, Obusitswe a bayansu ba takalmi.

"Ku shaida!" na ce. "Ta ƙi ɗaya, ta zaɓi wata. Wanda ya ƙi ɗaya cikin takwas, bakwai ɗin fa?"

Babban kawun ya cire hularsa. "Ta karɓa, Mma."

Obusitswe ya fassara mata, wannan karon duka. Migdalia ta dubi Dormir, ta dubi hannunta da ke kan karsana, ta dube ni. Ta faɗi wata kalma da har yau Odalys ta ƙi gaya mini ma'anarta. Sannan ta fashe da dariya, ta ɗaka mini duka a kafaɗa, amma ba ta ɗauke ɗayan hannun daga bayan karsanar ba.

A ranar aka tsaga kunnuwan shanun da alamar da ita ta zaɓa da kanta. Ta tsaya a kan kowace, ta ƙirga su sau biyu, don ta ce ba ta yarda da ni ba. Jaririya ta zama tamu a gaban kowa. Karsanata ta tafi, har yanzu in na gan ta raina yana sosuwa. Amma ko kofato ba a bin gidanmu.